Land Cruiser 80, Hilux ko Land Rover: wace tsohuwa za ka saya in daji za ka shiga?

"Yaya, kuɗin da ke hannuna ba su kai na sabuwa ba, ko kusa. Tsohuwa nake so in saya in riƙa gyarawa a hankali. Wacce za ta fisshe ni?"

Ƙanena ne ya tare ni da wannan tambaya a ƙarshen damina, bayan ƙaramar motarsa ta kwana biyu a kafe cikin taɓo a hanyar gonarsa, sai da aka ɗauko tarakta aka fizgo ta. Gonar tana cikin fadama, tafiyar kilomita 30 daga inda kwalta ta ƙare, ga shi kuma duk shekara yakan kwashi iyali ya kai su Damagaram, wani lokaci har Tanut wajen dangin matarsa. Dillalai sun nuna masa motoci uku: Land Cruiser 80 mai shan fetur, Hilux mai ƙofa huɗu mai shan gas, da wata Land Rover 110 da ta daɗe a jingine a wani gida. Kowacce ta haura shekara 25 a duniya. Biyu daga cikin irinsu na riƙe su shekara da shekaru, na sha kwanciya a ƙarƙashinsu da sifana a hannu. Ta ukun, wato Land Rover, ban taɓa mallaka ba, amma na sha zama a cikinta a kan tsaunin Mambila. Abin da na gaya masa a ranar shi ne zan shimfiɗa a nan, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan lissafi ba.

Jinin motocin nan uku ɗaya ne ta wani ɓangaren. Kowacce bodinta a kan shasi yake zaune, ƙarfe mai kama da tsani wanda shi ke ɗaukar duka da nauyi. Kowacce tana da ogzilari, ƙaramin giyabos na biyu da ke raba ƙarfi ga ƙafafu huɗu, ya kuma ba ka giyar ƙasa wadda mota za ta riƙa rarrafe da ƙarfin gaske. Sannan an ƙera su a zamanin da kwamfuta ba ta mamaye inji ba, bakanike mai hankali a kowane gari zai iya buɗe su ya mayar. Shi ya sa har yau mutanen Agadas da na gaɓar tafkin Chadi ba su rabu da su ba. A Nijar kat-kat ake ce musu, a Najeriya jif, sunan ne kawai ya bambanta.

Bari in fara da 80, don ita ce zuciyar ƙanena ta fi karkata gare ta. Toyota ta fara fitar da ita a 1990, ta daina ƙera ta a Japan a 1997. Aksil ɗinta na gaba da na baya duk miƙaƙƙu ne, ƙarfe ɗaya daga wannan taya zuwa waccan, amma maimakon sifirin na faranti sai aka ɗora ta a kan koyil a ƙafafu huɗun. Wannan haɗin shi ne sirrinta: ƙarfin motar aiki, laushin motar manya. Ka yi awa 6 a hanyar burji mai gargada, ka sauko bayanka bai ƙage ba, tsohuwa da jarirai a kujerar baya ba su galabaita ba. Wasunsu kuma sun zo daga kamfani da abin kulle dif (giyoyin tsakiyar aksil da ke raba juyi ga tayoyi biyu) na gaba da na baya, wanda in ka murɗa shi tayoyin aksil ɗin za su juya tare ko da ɗaya tana lilo a iska. In ka ga ɗan maɓallin nan mai murɗawa a gefen sitiyari kuma yana aiki, motar ta ƙara daraja.

Sai dai 80 ba mota ɗaya ba ce, injin da ke cikinta shi ne rabin maganar. Wadda aka nuna wa ƙanena tana ɗauke da 1FZ-FE, mai lita 4.5 da silinda 6, ƙarfinsa ya haura doki 200. Duk 80 da ta fito daga Amurka fetur take sha, har da 'yar uwarta Lexus LX450 ta 1996 da 1997. Inji ne mai tsawon rai, sarƙa ce ke juya taiminsa, ba ya hayaniya. Amma a sanina, in ka samu kilomita 6 a lita ɗaya a kan kwalta ka gode Allah, a cikin yashi kuwa allurar mai kana kallo tana sauka. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da ake da tallafin fetur a Najeriya, ana iya kawar da kai. Yanzu mai gona da zai yi sawu uku a mako dole ya zauna da biro da takarda. Lagonsa biyu ne: gaskit ɗin top, wato kan inji, yakan saki ta wajen silinda ta ƙarshe in inji ya tsufa, sannan akwai wani ɗan gajeren tiyon ruwa a can bayan inji, inda hannu ke shiga da ƙyar, wanda ba wanda ke tunawa da shi sai ranar da ya fashe ya zubar da ruwan lagireto a tsakiyar daji. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Duk wanda ya sayi mai wannan inji ya canza tiyon nan a makon farko.

Injin da ni na fi yarda da shi shi ne 1HZ, mai shan gas, lita 4.2, silinda 6, ba tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska. Ƙarfinsa wajen doki 130 ne kacal a mota mai nauyin fiye da tan 2, don haka in ka zo hawa da kaya sai ka yi haƙuri, ƙananan motoci su wuce ka. Amma famfon injektansa na ƙarfe ne zalla, ba ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana jure man da ba shi da tsabta sosai, kuma ni ina samun kusan kilomita 8 a lita. Babban abin shi ne, injin nan ba a 80 kaɗai yake ba. Yana cikin Land Cruiser 75 da 78 da 79 da 105, yana cikin bas ɗin Coaster masu gas. Ma'ana fistin ɗinsa da ringi da nozul da famfon ruwa suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano, suna Panteka a Kaduna, suna Yamai da Agadas. Abu ɗaya ba ya yafewa: taimin bel. A canza shi duk kilomita 100,000 tare da abin ɗaure shi, don in ya tsinke inji na tafiya, bawul da fistin za su yi karo, kuɗin gyaran ya ninka na bel ɗin sau da yawa. Na ukun, 1HD-T mai tobo, ya fi su daɗin tuƙi, amma na farko-farkonsa sun yi suna wajen cinye metal na konrod, wato boris ɗin gindin sandar fistin. Mai shi ya sa a sauke tukunyar baƙin mai a canza metal ɗin tun kafin ya ji ƙwanƙwasa.

Akwai wani wuri a jikin 80 da nake so mai saye ya durƙusa ya duba da idonsa. A ƙarshen aksil na gaba, bayan kowace taya, akwai wata ƙwallon ƙarfe kamar ƙwarya, a cikinta gaɓar da ke juya taya take, tana ninkaya cikin giris. Tsakanin giris ɗin da man dif akwai ɗan oyil sil. In ya mutu, man dif ya kwararo ya narkar da giris, sai ka ga wani baƙin kunu yana tsatsafowa ya haɗu da ƙura ya yi dabaro a jikin ƙwallon. Ranar da muka buɗe tawa a karon farko, yaron gareji ya tara roba a ƙasa, abin da ya zubo ruwa-ruwa ne mai wari, boris ɗin sama da na ƙasa da ke riƙe da ƙafar sun ci rami, da ka girgiza tayar sai ka ji ƙas-ƙas. Yini guda muka yi, muka wanke komai da kananzir, muka sa sababbin sil da boris, muka cusa giris mai ruwan toka da hannu har ya cika gaɓar. Maigidan garejin ya ce mini, "Alhaji, wannan aikin in aka yi shi da kayan kirki, sai ka manta da shi shekaru." Haka kuwa aka yi. In ka juya sitiyari ƙarshe ka ja mota ka ji ƙat-ƙat-ƙat daga gaba, gaɓar ce kanta ta gaji, ka sa kuɗinta cikin ciniki.

Hilux kuwa jakar aiki ce. Tun 1968 ake ƙera ta, mai jan ƙafa huɗu ta fito a 1979. Sunan da motocin Toyota masu buɗaɗɗen baya suka yi a yankinmu ba a talla suka same shi ba. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da sauran wurare a arewacin ƙasar a kan irin waɗannan motoci, Hilux da Land Cruiser, har aka sa wa yaƙin sunan kamfanin. Wadda nake magana a kanta ita ce ta 1988 zuwa 1997, musamman mai miƙaƙƙen aksil a gaba da sifirin na faranti gaba da baya. A leƙa ƙarƙashi a tabbatar, don a cikin 'yan wannan zamanin akwai waɗanda kowace ƙafar gaba take cin gashin kanta, kuma daga 1997 zuwa sama kusan duk haka suka koma. Waɗancan sun fi laushi a kwalta, amma sun fi yawan gaɓoɓi da bushin da robobin da gargada ke cinyewa.

Injin 3L mai lita 2.8, ko ƙanensa 5L mai lita 3 da ya zo a samfurin 1997 zuwa sama, silinda 4 ne, gas suke sha, ba tobo. Ƙarfin 3L wajen doki 90 ne, amma motar ba ta da nauyi, ta fi 80 sauƙi da kusan rabin tan, kuma lita ɗaya takan kai ni kilomita 10. Akwai bas ɗin Hiace masu irin wannan inji, don haka kayansa ba sa wuya. Mai son fetur ya nemi 22R mai lita 2.4 da kafireto, wanda ko bakaniken ƙauye ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa. Wanda zan ce a yi kaffa-kaffa da shi shi ne 2L-T mai tobo, don da ya ɗau zafi sau ɗaya ko biyu sai top ɗinsa ya tsage.

Alherin Hilux a bayanta yake. Buhunan taki, injin ban ruwa, jarkokin mai, raguna, duk ka loda ka wanke da bokiti in an gama. Ba za ka yi wa 80 haka ba sai ka lalata kujeru. Sifirin na faranti kuma in ɗaya ya karye a daji, ka ɗaure shi da itace da igiyar roba ka lallaɓa har gari. Na taɓa yin kilomita 40 a haka. Amma a faɗi gaskiya, in ba kaya a baya tsalle take kamar ɗan akuya, kujerar bayan mai ƙofa huɗu a miƙe take kamar bencin makaranta, babba ba zai yi tafiyar yini a kai ya sauko da fara'a ba. Sannan da wuya ka samu tsohuwar Hilux da ba a yi wa lodin wuce kima ba. Ka tsaya daga gefe ka dubi ratar da ke tsakanin kan motar da akwatin baya. In sama ta matse ƙasa ta buɗe, ko akasin haka, shasi ya lanƙwashe, in ka duba da tocila sau da yawa za ka ga tabon walda. Irin wannan ko kyauta ce ka yi tunani. Wata magana kuma da ba ta shafi inji ba: a sassan Sahel da tsaro ya taɓarɓare, Hilux da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya su ne motocin da 'yan bindiga suka fi kwaɗayi. Mai shiga irin waɗannan wurare ya sa wannan a ma'auni kafin komai.

Land Rover ita ce ta fi ba ni wahalar yanke hukunci, don ina ƙaunarta. Tun 1948 Ingila ke ƙera ta. Samfurin 110 ya fito a 1983, aka raɗa masa suna Defender a 1990, aka rufe ƙera tsohon fasalin a Janairun 2016. Duk wanda ya je Gembu ya ga yadda tsofaffin Land Rover ke hawa da sauka a hanyoyin ƙauyukan Mambila da damina, maƙare da mutane da buhuna, a wuraren da ko a ƙafa sai ka dafa ƙasa, ba zai ƙara raina ta ba. Ƙafafunta suna miƙewa su bi ƙasa, gabanta da bayanta gajeru ne ba sa dukan tudu, kullum ƙafa huɗu take ja. Bodinta alminiyam ne ba ya tsatsa, kusan komai da noti aka ɗaure, kana iya kwance ta gunduwa-gunduwa a tsakar gida. Injinan 200Tdi na 1990 da 300Tdi na 1994, masu lita 2.5 da tobo, sun fi duk waɗanda na lissafa tsimin mai idan aka dubi aikin da suke yi. Td5 da ya zo a 1998 kuwa da ƙwaƙwalwa yake aiki, wannan sai mai na'urar gwaji a kusa.

To ina matsalar? Shasinta da bangon da ke tsakanin inji da direba ƙarfe ne, suna ruɓewa a ɓoye alhali bodi na sheƙi, musamman wadda ta yi zama a Turai inda ake zuba gishiri a titi da hunturu. Tana yoyon mai ta ko'ina, ƙura da ruwa suna shigowa ta bakin ƙofa, direba a matse yake da ƙofa har sai ya fitar da gwiwar hannu ta taga. Sandunan aksil na tsofaffin sukan karye in aka fizge su da ƙarfi. Injin 300Tdi in ruwa ya zube ba lallai allurar zafi ta nuna da wuri ba, kafin ka farga top ya lanƙwashe. Duk wannan mai gyaruwa ne, kayanta ma har yau ana ƙera su da yawa a Ingila. Amma a Kano ko Maraɗi ba za ka shiga shago biyar ka same su a huɗu ba kamar na Toyota, kuma masu sanin ta sun ragu, yawanci dattawa ne. Land Rover motar mutumin da gyaran kansa yake jin daɗinsa ce, wanda ke da wata motar da zai hau ranar da wannan ke jiran kaya daga Ikko.

Na san za a ce ina Nissan Patrol. Y60 da Y61 masu injin TD42 ba su gaza 80 a komai ba, dif ɗinsu ma ya fi ƙarfi, kayansu ne ba su kai na Toyota yawa ba, kuma a guji na farkon masu injin ZD30. Pajero ta 1991 zuwa 1999 tana da araha da daɗin tuƙi ga wanda gari ne mazauninsa, daji sai jefi-jefi. Land Cruiser 75 da 79 su ne sarakunan hamada, amma ko tsohuwa kuɗinta ya fi ƙarfin aljihun da muke magana a kai.

Yanzu a kai su ƙasa. A cikin yashi, irin na Yusufari da Tulo-Tulo ko na arewacin Tanut, rashin nauyi da ƙarfin inji su ke magana. Hilux marar kaya tana yawo a sama-sama, 80 mai fetur tana haye tudu da ƙarfin tsiya, mai 1HZ kuwa sai direba ya iya zaɓen giya ya ɗauko gudu tun daga ƙasa. Amma abin da ya fi sunan mota tasiri shi ne iskar taya. Na taɓa ganin Hilux ta nutse har aksil a wani busasshen rafi, direban yana ta ba ta wuta tana ƙara tona wa kanta kabari. Wani dattijo Ba'abzine da ke tare da mu bai ce uffan ba, ya tsuguna da tsinken ashana ya danna bawul ɗin kowace taya yana ƙirge a ransa, har cikin tayar ya baje kamar tafin raƙumi. Muka kwashe yashin gaban tayoyin da hannu, ya ce wa direban, "Ɗana, giya ta biyu, a hankali, kada ka juya sitiyari." Ta fito kamar ba ita ba. Daga awo 35 na kwalta zuwa 18 ko ƙasa kaɗan, shi ke nan maganin. Sai dai da ka koma ƙasa mai tauri ka mayar da iskar, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

A taɓon fadama da baƙar lakar firki ta gaɓar Chadi, taya mai manyan haƙora da abin kulle dif su ne gaba, nan 80 mai makulli ta yi zarra, amma ranar da ta kafe, fitar da tan biyu da rabi daga laka ba wasan yara ba ne, alhali Hilux matasa takwas za su iya turo ta. A kan duwatsu da kwazazzabai Land Rover da 80 ne, koyil ɗinsu na barin taya ta taɓa ƙasa inda farantin Hilux zai ɗaga ƙafa. A doguwar gargada kuwa ba gasa, 80 ce. Wani gargaɗi ga mai Hilux da mai 80 irin wadda ake sa wa ogzilari da hannu: kada a bar ta cikin jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, ƙarfen zai murɗe kansa har wani abu ya ba da kai.

Batun ƙare-ƙare shi ne inda na fi ganin kuɗin mutane na zubewa a banza. Mutum ya sayi mota yau, gobe ya kai ta a ɗaga ta sama, a sa mata ƙattin tayoyi da fitilu jere a ka, alhali lagireton ciki ya toshe rabi. Kuɗin farko na sanyaya inji ne: a wanke lagireto ko a canza, sababbin tiyo, famfon ruwa, murfin lagireto, a gwada kulocin fanka ko yana kamawa in inji ya yi zafi. A mayar da tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, in an cire. Makanikai da yawa suna cire shi da sunan ƙasarmu da zafi, amma a injinan da shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin inji, cire shi na sa wani ruwan ya daina bi ta lagireto, ga inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba da sanyin hunturu. A zuba ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa, ruwan rijiya kanwa yake tarawa. Bayan wannan sai birki, sai ƙafar gaba, sai duk mayukan giyabos da ogzilari da dif.

In waɗannan sun kammala, abubuwan da suka cancanci kuɗinsu kaɗan ne. Ƙarin filtar gas mai raba ruwa da mai, don man jarka na bakin hanya ba a san cikinsa ba. Bututun iska da ke hawa gefen gilashi, wanda amfaninsa a wurinmu ya fi yawa wajen shaƙar iska daga sama inda ƙura ba ta kai ta ƙasan mota ba. Ƙara wa 'yan hancin numfashin dif tsawo da siririn tiyo zuwa sama, don in aksil mai zafi ya shiga ruwa kada ya zuƙo shi ciki. Tayoyi masu ƙwarin gefe, irin 235/85R16 ko 7.50R16 da ake samu har a ƙananan garuruwa, da safaya biyu. Famfon iska mai aiki da batir, shebur, igiyar ja mai ƙarfi, faranti biyu na shimfiɗawa a yashi, da katakon da jak zai zauna a kai. In za a ɗaga mota, inci 2 ya isa, da sifirin da shokazoba masu kyau. Fiye da haka sitiyari ya fara yawo, farfela ta fara rawa, mota ta ƙara saurin kifewa, balle an tula kaya a kariyar sama. Tayar da ta wuce inci 33 kuma tana kashe ƙarfin 1HZ da 3L, tana wahalar da birki, a jikin 80 har takan tsaga shasi a inda akwatin sitiyari ke ɗaure. Masu sa wa 1HZ tobo su sani ba don shi aka gina shi ba, in aka buɗe masa mai da yawa ba ma'aunin zafin hayaƙi, fistin da top ne za su biya.

Ranar ciniki a je da sassafe, a tarar da injin da sanyinsa, don dillali mai wayo yakan ɗuma shi kafin ka iso. Lafiyayyen injin gas bugu ɗaya yake tashi, hayaƙin farko ya wuce cikin 'yan daƙiƙu. Ka buɗe murfin baƙin mai yana aiki, in yana huci kamar tukunyar dambu ringi sun tafi. Ka duba ruwan lagireto ko yana kumfa ko da maiƙo. Ka sa ogzilari ka ji ya shiga ya fita. Ka gwada lambar shasi da ta takardun kwastan harafi da harafi. A kuma lura da wadda aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka motocin da aka ƙera don Japan ko Ingila sai an mayar da sitiyarinsu hagu, kuma wasu juyin da walda da dabara aka yi su. Sitiyari da birki ba wurin dabara ba ne.

Ga hukuncina. Wanda kaya ne yawancin aikinsa, aljihunsa kuma ba zurfi, ya ɗauki Hilux mai 3L ko 5L in shasinta lafiya lau ne, ita ce mafi sauƙin ciyarwa a cikin ukun. Wanda mutane zai riƙa ɗauka a doguwar hanya ya nemi 80, ya kuma yi haƙuri har ya samu mai 1HZ da giyar hannu, ko 105 ta 1998 zuwa 2007 mai wannan injin, irin waɗanda ƙungiyoyin agaji kan yi gwanjonsu. Mai fetur ta dace da wanda ba kullum zai hau ba. Land Rover kuwa sai in kana zaune inda masu gyaranta suke, ko kai ne mai gyaran. Kowacce ka zaɓa, kada ka ƙarar da kuɗinka wajen saye, ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na gyaran watannin farko.

Ƙanena Hilux ɗin ya ɗauka, don da muka ƙirga sai muka ga sawun gona ya fi 100 a shekara, na Damagaram kuwa ɗaya ne ko biyu, kuma wannan ƙaramar motarsa za ta iya kai su tunda kwalta ce. Mun tarar da farantin sifirin biyu a karye a baya, lagireto ya sha faci, ba tamostat. Mako uku ta yi a gareji kafin ta ga hanyar fadama, ranar da ta fita kuma da buhu 12 na taki ta tafi.